Rumfar Haya A Cikin Waya: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum, masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato neman na kai ta cikin waya. Babu wanda ya tambayi batir ko kyamara. Masu sayar da kaya ne, da masu karɓar kuɗi, da matasa masu neman abin yi. Na zaɓi bakwai, na taƙaita tambayoyin, kuma na ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga gida a Kano, shekara huɗu ke nan, kuma duk a WhatsApp nake ciniki. Wani ya kira ni ya ce daga ƙungiyar matan da nake ciki yake, za a yi taro ta intanet, in karanto masa lambar da ta shigo wayata don a saka ni. Ina karantowa WhatsApp ɗina ya fita. Yanzu yana bin kwastomomina yana karɓar kuɗi da sunana. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ki kwantar da hankalinki, muddin layin yana hannunki asusun naki ne. Lambobi shidan nan da kika karanto su ne mabuɗin da WhatsApp ke turo wa mai layi duk lokacin da za a ɗora asusun a wata sabuwar waya. Shi ɓarawon ya rubuta lambar wayarki a tasa wayar, mabuɗin ya zo miki, sai ya kira ya karɓa da daɗin baki. Ba wani kutse mai zurfi ya yi ba.

Yanzun nan ki buɗe WhatsApp a wayarki, ki sake rubuta lambarki, ki jira sabon saƙon lambobi shida, ki shigar. Kina shigarwa za a fitar da shi. Idan ya riga ya saka wata lambar sirri tasa a kai, za a ce ki jira kwana bakwai kafin ki shiga, amma ko a cikin kwanakin nan shi ma ba ya ciki. Kafin nan kada ki zauna jira. Ki ɗauki waya ki kira manyan kwastomominki ɗaya bayan ɗaya da bakinki, ki sa ƙawaye da 'yan'uwa su sanar a sitatus ɗinsu cewa kada kowa ya tura kuɗi da sunanki. Waɗanda suka riga suka tura, su kai ƙorafi bankinsu a ranar, da rasit ɗin da ke nuna asusun da kuɗin ya shiga, a kuma kai rahoto wurin 'yan sanda. Saurin kai ƙorafi shi ne kawai ke ba da damar a riƙe kuɗin kafin a kwashe.

Idan asusun ya dawo, ki shiga saiti, ki nemi inda aka rubuta Two-step verification, ki saka lambar sirri taki wadda ba shekarar haihuwarki ba ce, ki haɗa da imel. Ki kuma duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusun, ki cire duk wadda ba ki sani ba.

Akwai maganar da ta fi wannan girma, kuma ina so duk mai ciniki a waya ya ji ta. Shekara huɗu kina gina kasuwa, amma kiran minti biyu ya raba ki da ita, saboda rumfar ba taki ba ce. Haya kike yi a filin wani kamfani da ke Amurka, wanda bai san sunanki ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duk duniya na kusan awa shida, babu wanda aka nemi izninsa. A watan Yunin shekarar gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, wata bakwai masu talla a can suna hamma. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mai POS da mai tura kaya duk suka tsaya cik. A watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka yi ta ba da haƙuri.

Don haka ki sayi littafi mai bango mai ƙwari. Duk wadda ta taɓa sayen kayanki, ki rubuta sunanta da lambarta da garinsu da irin abin da take so. Bashin da kike bi da wanda ake bin ki su ma su shiga ciki. Wannan littafin shi ne jarinki na gaskiya, domin da shi za ki iya sake kafa rumfa a ko'ina cikin kwana biyu.

Tambaya: Ina da shago a Kantin Kwari sama da shekara ashirin. Yanzu yara mata da samari suna shigowa su yi ta ɗaukar hoton kaya ba su sayi ko yadi ɗaya ba. Yarana na cewa in bar su. Ni kuwa gani nake kasuwarmu suke kashewa. Shin wannan ciniki na waya yana ƙara arzikin ƙasa ko cinye shi yake?

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, a wannan karon ina bayan yaranka. Kwanakin baya na zauna a shagon wani abokina a nan Kwari wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Wata yarinya ta shigo da waya a hannu, ta gaida mai shago, ta ce a warware mata leshi kala biyar. Ta sa yaron shago ya riƙe kowanne ta wajen ƙofa inda haske ke faɗowa, ta ɗauki hoto, ta kuma ɗauki ɗan bidiyo tana shafa zaren da yatsa don a ga kaurinsa. Ta tambayi farashin sari, ta yi godiya ta fita hannu rabbana. Kafin la'asar sai ga kiranta: a ware mata mai ruwan toka guda uku da mai ruwan goro ɗaya. Kuɗi ya shigo asusun mai shago, ɗan aike ya zo da Adaidaita Sahu ya kai kayan tasha, aka ba direban motar Gombe. Matan da suka sayi leshin nan ba su taɓa taka Kwari ba, wataƙila ba za su taɓa takawa ba.

To ka ga wannan yarinya dillaliya ce, irin dillalan da iyayenmu mata suka sani masu shiga gida-gida da ƙunshi a ka. Bambancin kawai, ita ƙunshinta hoto ne, kuma gidajen da take shiga a yini ɗaya sun kai ɗari. Ba ta biyan hayar shago, ba ta da jari sai data, kai kuma ba ka biyan ta albashi. A kan cinikin nan guda ɗaya mutum biyar suka ci abinci: mai shago, ita, ɗan aike, direba, da mai POS ɗin da matar Gombe ta tura kuɗi a wurinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne matan aure da ba sa fita, waɗanda a da sana'arsu ba ta wuce ƙofar gida sai in an ɗora wa yarinya talla. Yau uwa na ciniki daga ɗaki, 'yarta na makaranta.

Amma kukanka ma yana da tushe. Waya ta tona asirin farashi. A da mai saye daga Yola ba shi da hanyar sanin nawa ake sari a Kano. Yau cikin minti biyar zai tambayi mutum goma, don haka ribar da ke kan kowane yadi ta ragu, sai dai a samu a yawan ciniki. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Shawarata ita ce ka zaɓi amintattu daga cikin masu ɗaukar hoton nan, ka buɗe musu zaure a WhatsApp, duk kayan da aka sauke ka sa yaro ya tura musu hoto mai kyau da farashin sari tun da safe. Ka kafa doka ɗaya: kaya ba ya fita sai kuɗi ya shigo.

Batun arzikin ƙasa kuwa, gaskiya ɗaya ce. Kuɗi na gudu fiye da kowane lokaci. A alƙaluman NIBSS, hukumar da ke haɗa tiransifa tsakanin bankuna, abin da aka tura nan-take ya tashi daga kusan naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kusan tiriliyan 600 a 2023. Sai dai wani ɓangare na wannan ƙarin faɗuwar darajar naira ce da tsadar kaya, kuma gudun kuɗi daban, samar da dukiya daban. Kai ka fi ni sanin cewa yawancin atamfar da ke Kwari daga Chana take zuwa, masaƙun Kakuri a Kaduna da na Sharaɗa da Bompai a Kano mafi yawansu sun daɗe da yin shiru. Wayar da ake ɗaukar hoton da ita daga waje aka shigo da ita, kuɗin tallar Facebook kuma waje yake tafiya. Waya ta iya sayarwa, ba ta iya saƙa ba. Shi ya sa nake ƙara jin daɗi idan na ga mai kilishi, ko maɗinkin hula, ko majemi, ko mai man gyaɗa yana talla a intanet, domin a nan ne cinikin waya ke jawo aikin hannu a gida.

Tambaya: Ina da kantin kayan masarufi a Zariya. Sau biyu ke nan ana nuna min an tura kuɗi, har saƙo ya shigo wayata, in ba da kaya, daga baya in duba ban ga komai ba.

Amsa: Malam, alat na bogi aka yi maka, kuma hanyoyinsa biyu ne. Ta farko, akwai manhajojin da ke zana rasit mai kama da na banki sak, da tambari da kwanan wata, mutum ya rubuta sunanka da adadin kuɗi ya nuna maka a fuskar wayarsa. Ta biyu, a turo maka saƙon tes da aka sa wa sunan bankinka a matsayin mai aikowa, har wani lokaci ya faɗa cikin jerin saƙonnin bankin na gaske. Wanda ya taɓa ganin balas ɗinka a wani tsohon saƙo yana iya haɗa lissafin ya yi daidai.

Maganin duka biyun ɗaya ne. Kada ka yarda da wayar mai saye, kada ka yarda da saƙon tes. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ko ka danna lambar bankin ta duba balas, ka ga kuɗin a cikin tarihin asusu. Idan kana da na'urar POS mai nuna shigowar tiransifa, ita ce shaidarka. Masu wannan aiki sun fi zuwa da magariba ko lokacin da shago ya cika, suna gaggawa, suna cewa sabis ne bai da kyau zai shigo. Ka ce masa cikin mutunci: "Bismillah zauna, yana shigowa ka ɗauka." Mai gaskiya zai zauna.

Wannan matsala ta yaɗu ne tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. A watannin nan ne mai shayi da mai kayan miya da mai nama suka buɗe asusu dole, da yawa a OPay da Moniepoint da PalmPay, ba tare da wani ya zaunar da su ya koya musu ba. Alherin da aka samu yana da yawa, don ɗan kasuwa ya huta da yawo da kuɗi a aljihu a hanyoyin da ba tsaro. Ka ƙara da abu guda: ka ware asusun shago daban da na cefanen gida. Bayan wata shida tarihin asusun nan zai gaya maka gaskiyar cinikinka, kuma shi ne abin da masu ba da jari ke fara dubawa.

Tambaya: Yaya, na gama digiri ba aiki. Na buɗe tasha a YouTube ina barkwanci da Hausa, wani bidiyona mutum dubu ɗari biyu suka kalla, amma abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Wani abokina mai bidiyo da Turanci ya fi ni samu da 'yan kallo kaɗan. Ana cutar mu ne?

Amsa: Ƙanena, ba kai aka ware aka cuta ba, tsarin ne haka, kuma gara ka fahimce shi tun yanzu. YouTube ba ya biyan kuɗin kallo. Tallar da ake sakawa a kan bidiyonka ita ke kawo kuɗi, sai a ba ka kashi 55 cikin ɗari a dogayen bidiyo, kamfanin ya riƙe saura. Ita kuma tallar gwanjonta ake yi: kamfanoni na takara a kan idon mai kallo, gwargwadon abin da suke ganin zai iya saye. Mai kallo a Amurka ko Ingila, kamfanonin inshora da na motoci da bankuna ne ke rububinsa. Mai kallo a Funtuwa ko Maraɗi, kamfanonin da ke neman sa kaɗan ne, don haka farashin tallarsa ƙasa yake. Abokinka ya samu 'yan kallo daga ƙasashen da ake tsadar talla, shi ke nan sirrin.

Ga waɗanda ba su kai matsayinka ba: kafin a fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ko mabiya 1,000 ɗin da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Ana biya ta AdSense, wato tsarin Google na biyan kuɗin talla, kuma ba a turowa sai kuɗin ya kai dala 100. Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗin talla a tsakiyar 2024, amma lissafin ɗaya ne. A TikTok abin da yawancin namu ke samu kyautar masu kallo ce a lokacin shiri kai tsaye, kamfanin kuma ya yanki kaso mai tsoka.

Ka dubi masana'antar finafinan Hausa. A da kasuwar kaset da faifai ce ke riƙe da ita, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su sayi fim su rarraba. Da masu tura finafinai a waya suka yawaita, faifai ya mutu, sai masu shiryawa suka koma fim mai dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin. Ka lura da abin da suke yi: a tsakiyar shiri za ka ga tallar shagon kayan ɗaki, ko makaranta, ko kamfanin fili, wadda su da kansu suka karɓo daga 'yan kasuwar gida. Sun gane cewa kuɗin da ke zuwa daga YouTube shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin aiki.

Kai ma nan ne hanyarka. Mutum dubu ɗari biyu masu jin Hausa ba su da tsada a idon kamfanin Amurka, amma a idon mai shagon takalma a garinku zinariya ne. Ka shiga shafin alƙaluman tasharka, ka ɗauki hoton inda ke nuna garuruwan masu kallonka da shekarunsu, ka je wurin 'yan kasuwa da shi, ka yanka musu farashi mai sauƙi a karon farko. Ina roƙonka abu biyu. Kada ka tallata maganin da ba shi da rajistar NAFDAC, ko wani tsarin zuba kuɗi da ba ka san tushensa ba, domin wanda ya cutu fuskarka zai tuna. Kuma kada ka bi hanyar zagi da tonon silili don tara 'yan kallo. Na san tana kawo jama'a da sauri, amma ɗan kasuwar kirki ba ya ɗora sunan shagonsa a kan mai zagin mutane. Ka kuma kiyayi saka waƙa ko fim ɗin wani ba izni: gargaɗi uku na haƙƙin mallaka, an rufe tashar.

Tambaya: An saka ni a wani zauren Telegram, an ce in zuba dubu ɗari a wata manhaja, na'ura mai ƙwaƙwalwa za ta yi min ciniki, bayan wata guda in kwashi dubu ɗari biyu. Maƙwabcina ya cire nasa na gani da idona.

Amsa: Malam, kada ka zuba ko sisi. Maƙwabcinka da kuɗin waɗanda suka shigo bayansa aka biya shi, kuma an biya shi ne don kai ka gani. MMM, wata harkar zuba kuɗi irin wannan, ta yi alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Wata kuma mai suna CBEX ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 da sunan na'ura mai ƙwaƙwalwa, irin maganar da aka gaya maka, ta ruguje a Afrilun 2025 da dukiyar bayin Allah. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk mai karɓar kuɗin jama'a don zuba jari dole ya kasance da rajistar hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, kuma takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ita ce wannan izni ba, shaidar rajistar suna ce kawai. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu gudanar da irin wannan tsari, don haka ko jawo wasu ciki kada ka yi. Dubu ɗarin nan, ka sari kayan da za ka iya taɓawa da hannu.

Tambaya: Ina ɗinkin kayan yara a Kaduna. Na biya kuɗin talla a Facebook sau uku, mutane dubbai suka danna alamar so, amma ko mutum ɗaya bai saya ba.

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika nema aka ba ki. Idan kika danna Boost, maɓallin biyan talla da ke ƙarƙashin hoto, ba ki canza komai ba, sau da yawa Facebook zai kai hoton ne ga mutanen da aka san su da yawan danna alamar so, ba masu saye ba. Wajen zaɓen manufar talla, ki zaɓi a turo miki saƙo ta WhatsApp. Wajen zaɓen wuri kada ki ce Najeriya gaba ɗaya, ki tsaya a Kaduna da garuruwan da kike iya aika kaya cikin kwana ɗaya, ki kuma zaɓi mata masu shekarun da ake da ƙananan yara. Ki yi ɗan bidiyo na daƙiƙa ashirin da muryarki da Hausa, ki juya rigar a ga cikin ɗinkin, ki faɗi farashi ƙarara. Ɓoye farashi da cewa a biyo ta akwatin saƙo yana korar masu saye da yawa. Ki fara da kuɗi kaɗan na kwana huɗu ko biyar, ki ƙirga mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya, sannan ki san ko za ki ƙara. A lissafinki ki saka harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan kuɗin talla. Kuma wanda ya turo saƙo ki amsa masa cikin minti goma, don in ya kwana ya riga ya sayi na wata.

Tambaya: Mahaifina manomin riɗi da zoɓo ne a Jigawa. Kowace kaka masu saye na zuwa har ƙauye su yanka farashin da suka ga dama. Ƙaramar waya yake riƙewa, ba ya karatun boko. Ni ina da babbar waya. Ta yaya zan taimake shi?

Amsa: Allah ya yi maka albarka da wannan tunani. Abu na farko ba ya buƙatar intanet ma. Ka samo lambar mutum biyu ko uku masu hada-hada a kasuwar Dawanau ta Kano, da wani a Maigatari, waɗanda ba su san juna ba. Ranar da mai saye zai zo, a kira su da safe a ji nawa buhu yake. Ka cire kuɗin mota da na lodi da la'ada, abin da ya rage shi ne farashin da Baba zai tsaya a kai. Ka sa a yi kiran a gabansa ya ji da kunnensa, domin dattijo ya fi yarda da murya a kan rubutun da aka karanta masa.

Sai dai sanin farashi ba ya amfanar wanda dole ta sa shi sayarwa. Idan bashin taki na wuyansa, ko buhu biyar kawai gare shi, mai saye ya san ba zai ɗauki mota zuwa Kano a kansu ba. A nan babbar wayarka za ta yi aiki. Ka haɗa 'ya'yan manoma goma ko ashirin na yankinku a zaure ɗaya, kowa ya faɗi buhu nawa gidansu ke da shi, da saƙon murya don kowa ya fahimta. Idan abin ya kai cikin mota guda, ku ne za ku kira manyan masu saye, ba ku jira a zo muku ba. Ka ɗauki bidiyon riɗin da rana a kan tabarma mai tsabta, ka cika tafin hannu ka watsa a ga babu ƙasa babu tsakuwa, ka nuna zoɓon ya bushe sarai, ka kuma nuna buhun a kan sikeli.

Wajen karɓar kuɗi, a buɗe wa Baba asusu da sunansa da BVN ɗinsa, ba da sunanka ba, don kada gobe a samu saɓani tsakanin 'yan'uwa. Lambar sirrin katinsa kada ya faɗa wa mai POS, ya danna da hannunsa ko kai ka raka shi. Idan sabis ba shi da ƙarfi a ƙauyen, ku yi cinikin a inda yake kamawa, ku duba balas ta lambar banki da ake dannawa a ƙaramar waya, ku ga kuɗin ya zauna, sannan a fara ɗora buhu a mota.